Kwamfutar Da Ta Ƙi Jinin Sha-Kwana

Kafin kowa ya gani, Sha-Kwana ne ya gani. Ba mai gyara ba, ba Auta mai shagon ba, balle telan da ke maƙwabtaka da su, wanda ko zare ba ya iya zurawa a allura sai ya fito hasken rana. Ranar da aka zuba wa kwamfutar nan sabuwar manhaja, tsohon yana zaune a kujerarsa, ya miƙe ƙafarsa mai ƙarfe, ya dubi akwatin da ke ƙarƙashin tebur ya ce, "Lodin nan ya fi ƙarfin tsohuwar nan." Aka yi dariya. Auta ta ce ai haka ya faɗa ranar da aka kawo firinta, haka ya faɗa ranar da aka canza ƙwan fitila. To, ya faɗa ɗin. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana jan babbar mota ba ya rasa abin cewa a kan lodi.

Sha-Kwana bai taɓa zama a aji ba, kuma ba ya ɓoyewa. Sunan ma direbobi ne suka laƙaba masa, saboda yadda yake shan kwana da mota maƙare da kaya ba tare da ya nemi birki ba. Birkin ya taɓa tsinke masa a gangaren dutse, ya sauko lafiya. Mota ta taɓa kifewa da shi cikin kogi, ana ta kuka a gida sai ga shi da takalmi ɗaya yana tambayar abin da aka dafa. Likitan da ya sa masa ƙarfe a ƙafa ya ce da wuya ya ƙara takawa. Da ƙafar nan ya taka ya je gaisuwar rasuwar likitan. Ido ne kaɗai ya ci amanarsa har ya ajiye tuƙi, kuma shi ma idon, a faɗarsa, hutawa yake yi.

Da ya ajiye tuƙi sai gida ya yi masa ƙunci. Tsohuwar matarsa ta haddace labaransa kaf, har in ya ƙara wa kogin zurfi takan rage masa. Ana cikin haka autarsa ta buɗe shagon buga takardu da ɗaukar ƙananan hotuna, kuma shagon nan ne ya tsamo shi. Ɗaki ne siriri mai rufin kwano, ƙofa ɗaya, tagar kuma kantar takardu ta toshe ta. Akwai tebur, da firinta, da farin ƙyalle da ake ratayawa a bango in za a ɗauki hoto. Wutar daga faifan sola take zuwa, ta bi ta batir ɗaya, kuma batirin nan kwamfuta da firinta da fanka ɗaya kawai yake ɗauka. A ƙara masa ko caja biyu ne sai ya fara kuka kamar ɗan tsako.

Kusa da ƙofa akwai kujerar roba da aka ɗinke tsagarta da waya. Nan ne ofishin Sha-Kwana. Kullum da hantsi, in tsohuwa ta share ƙarƙashin ƙafarsa ya gane nufinta, sai ya ɗauki sanda ya nufo shago. Ya zauna, iskar fanka tana kaɗa masa riga, ya tsara wa mutane layi, ya danna wa takardu ƙusa, ya gyara wa mai ɗaukar hoto zaman hula, ya ba masu jira labari don kada su ƙosa. Shi ya naɗa kansa manaja, kuma ba wanda ya taɓa tsige shi.

Ita kwamfutar tsohuwa ce, Auta ta saye ta a hannu. Ta yi shekaru tana aiki ba ƙorafi, har shafukan da mutane ke zuwa a cike musu neman aiki da na makaranta suka daina buɗewa a cikinta. Mai gyara, wata ƙawar Auta ce mai gilashi da jakar goyo cike da wayoyi, ta ce babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar ta tsufa, dole a ɗora sabuwa. Ta ɗora. Allo ya yi kyau, shafuka suka buɗe, Auta ta yi ta murna.

Washegari rana na ɗagawa, Auta na tsakiyar buga wa wani takarda, allo ya daskare, ya yi shuɗi, ya ɗauke. Aka kunna, ta ɗan yi aiki, ta sake mutuwa. Haka ta yi ta yi har yamma. Da safe kuwa lafiya lau, kamar ba ita ba.

Mai gyara ta yi ta zarya. Tun da ciwon tare da sabuwar manhaja ya zo, a cikin manhajar take ta nemansa. Ta cire 'yar manhajar da ke haɗa kwamfuta da firinta ta sa wata. Ta bincika ko cuta ce ta shiga, ba ta samu ba. Ta kashe duk abubuwan da ke tashi da kansu in an kunna. Ta zargi batir, ta gwada shi, batir ya wanke kansa. Ta ɗauke akwatin ɗungurungum zuwa wurin aikinta mai sanyi, ya wuni yana aiki ko tari bai yi ba. Ta dawo da shi, rana na yi ya faɗi.

Sha-Kwana bai bar ta ta sha wahala ita kaɗai ba. Ya ba ta shawarar a ɗan mari akwatin a gefe, don ya san motoci da yawa da mari ya tayar. Ya ce ko wutar ce ba ta da kyau, kamar gurɓataccen mai. Ya ce a karkata ta a girgiza. Mai gyara tana cewa to Baba, tana ci gaba da abin da take yi. Yarinya ce mai ladabi, sai dai ba ta cika ɗaukar ilimi ba.

Telan ne ya fara ɓata lamarin. Sa'an Sha-Kwana ne, kuma tun da suka haɗu ba su taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Ya leƙo wata rana da tef a wuya ya ce shi fa ya lura da wani abu: na'urar nan ba ta mutuwa sai manaja ya iso.

"Ko ni da nake da rai," in ji shi, "in ya ɗauko labarin kogin nan ji nake kamar in sume. Ina ga abin da ba ya iya tashi ya gudu?"

Sha-Kwana ya ce masa ya koma ya ƙarasa wandon da ya yi wa ƙafa ɗaya doguwa. Aka yi dariya, amma maganar ta zauna. Masu jira suka fara duban agogo in ya shigo. Wata ta ce ko ƙarfen ƙafarsa ne yake jan wutar. Wani ya roƙe shi da girman Allah ya ɗan tsaya a waje har a gama buga masa takardarsa. Mai gyara ta ce ƙarfen ƙafa ba ya kashe kwamfuta, amma da ta tambayi Auta ko akwai abin da ake taɓawa ko ake jonawa in Baba ya zo, Auta ta rantse ba ta taɓa komai, shi ma ba ya taɓawa.

Sai ranar da wata ɗaliba ta kawo aikin kammala karatunta. Auta ta yi nisa da bugawa, tsohon ya shigo ya zauna, ba a jima ba allo ya yi shuɗi ya tafi da rabin aikin. Ɗalibar ta fashe da kuka, ta kwashe takardunta ta tafi wani shagon. Da aka watse Auta ta durƙusa gefen kujerar roba, tana wasa da bakin mayafinta.

"Baba, da za ka ɗan huta a gida mu gani."

"Mu ga me?"

"Gwaji ne kawai. Don bakin mutane ya mutu."

Ya ce ai dama yana da ayyuka jibge a gida da ya daɗe yana ɗagawa saboda shagon nan, ta ma taimake shi. Ya ɗauki sandarsa. A bakin ƙofa ya juyo ya gaya mata inda ya ajiye ƙusoshin takarda, ko da yake ta sani.

Ayyukan da ke jibge a gida ba su wuce gyaran marfin buta ba, kuma kafin rana ta take ya gama. Ya zauna a tsakar gida yana kallon kaji. Ya fara wa tsohuwa labarin gangaren dutse, ta ƙarasa masa daga madafa. Da yamma Auta ta biyo, ya yi kamar bai damu ba, ya tambaye ta kasuwa, ya tambaye ta tela ko ya mutu, sannan can ya ce yaya tsohuwar na'ura. Auta ta sunkuyar da kai ta ce yau ba ta mutu ba. Washegari ma ba ta mutu ba. Wanshekare ma haka.

Ya ce madalla, abin da ake so ke nan. Amma ya daina cinye abincinsa, kuma da hantsi in tsohuwa ta zo da tsintsiya sai ya ɗaga ƙafa kawai ta share ta wuce. Mutumin da kogi bai ci ba, ga akwatin ƙarfe ya kore shi daga kujerarsa, a gaban tela. Abin da ya fi cin ransa shi ne bai san laifin da ya yi wa abin ba. Ko hararar kirki bai taɓa yi masa ba.

Tsohuwa ce ta gaji. Ta yafa mayafi ta je shagon da kanta, ta samu Auta da mai gyara, ta ce musu ita ba ta san kwamfuta ba, amma ta san mijinta, kuma in aka bar shi a gida haka zai bushe a zaune. Su nemo abin da ke tsakaninsa da na'urar su sasanta su, ko kuwa ta kawo musu shi su ajiye shi a kan kanta tare da takardu.

Mai gyara ta ce dama abin yana damunta, don ba ta yarda na'ura tana ƙin mutum ba, amma ga shi gwaji ya nuna akwai wani abu. Kuskurenta, in ji ta, kullum da sassafe take zuwa ko bayan an kira ta, ba ta taɓa zama ta ga mutuwar da idonta tun daga farko ba. Ta ce gobe Baba ya zo yadda ya saba, kowa ya yi abin da ya saba, ita kuma za ta zauna ta zuba ido.

Sha-Kwana ya zo cikin rigarsa mafi kyau, kamar wanda aka kira gaban alƙali. Mai gyara tana zaune a kan kwalin takardu tun safe, ta buɗe wata 'yar taga a gefen allon mai nuna lambobi, na nauyin aikin da na'urar ke yi da na zafin cikinta. Tela ya bar kekensa ya tsaya a bakin ƙofa, wai ya zo shaida.

Tsohon ya yi sallama. Auta ta miƙe ta gaishe shi, ta karɓi sandar ta jingine, ta goge kujerar da gefen zaninta, tana tambayarsa ya ƙafa. Tana cikin maganar ta sa yatsun ƙafarta ta tura gindin fankar, fuskar fanka ta bar wajen tebur ta koma wajen kujerar roba. Ta koma ta zauna ta ci gaba da bugu.

Mai gyara ta dubi fankar, ta dubi allon. Sha-Kwana ya ga shiru ya yi yawa, ya ɗauko labarin kogi daga farko. Motar ba ta kai ga gada ba lambar zafi ta fara hawa. Ruwa na shiga gidan direba, wato kan motar, allo ya yi shuɗi.

Tela ya ce ga shi nan, shi bai ce komai ba. Mai gyara ta durƙusa ta ɗora tafin hannu a bayan akwatin, ta janye da sauri. Ta kwance murfin. A ciki akwai wata 'yar fanka da ba ta kai tafin hannu ba, ƙura da ɓurɓushin takarda sun cushe ta, ta ƙame ƙam. Ta taɓa ta da sukundireba, ko motsi.

Ta yi musu bayani dalla-dalla. 'Yar fankar nan ita ke fitar da zafin na'urar, kuma Allah kaɗai ya san tun yaushe ta mutu. Tsohuwar manhaja ba ta da nauyi, shi ya sa akwatin yake jurewa ko ba iska. Sabuwar kuwa tana sa shi aiki sosai, yana ɗaukar zafi, kuma abin da ke riƙe da shi kawai iskar babbar fanka ce da ke bi ta ƙarƙashin tebur in tana kallon Auta. An juya ta, sai zafi ya taru, na'ura ta kashe kanta don kada ta ƙone. Sha-Kwana ya buɗe baki zai tuna musu wanda ya fara maganar lodi, sai Auta ta riga shi.

"Wa yake juya fankar?"

"Ke," in ji mai gyara.

"Ni? Yaushe?"

Ta dubi fankar, ta dubi ƙafarta. Tela ya daina dariya. Ya ce ai tun ranar da aka kawo kujerar nan haka take yi, kullum, yana gani daga shagonsa: tsoho ya zauna, ta tura masa iska, ita ta wuni a ƙuryar nan tana ɗiga. Shi ya ɗauka kowa ya sani.

Sha-Kwana ya juya ya dubi 'yarsa da idon nan da ke hutawa. Ya ga ƙaramin tawul ɗin da ke kafaɗarta kullum, wanda ya ɗauka ado ne na masu aikin ofis. Ya ga gumi yana bin gefen wuyanta, bayan rigarta ya jiƙe ya manne. Ƙuryar da take zaune ba taga, ga kwano a sama, ga zafin firinta a gefe. Shi kuwa rigarsa sai kaɗawa take.

Tela ya rantse daga baya cewa tun da ya san mutumin nan bai taɓa jin ya yi shiru mai tsawon wannan ba. Sha-Kwana ya ce ƙarya ne, tunani yake yi. Ya dafa gwiwa ya miƙe ba sanda, ya kama wuyan fankar da hannu biyu, ya juya ta ta kalli tebur, ya ɗan matsa da ita gaba har iskar ta ɗaga takardun gaban Auta.

"Baba, bar shi mana."

"Zauna ki yi aikinki. Ni na yi miki tarbiyyar, ni zan warware ta."

Mai gyara ta busa ƙurar, ta goge, ta kunna. Na'ura ta tashi, lambar zafi ta tsaya a inda take. Amma ta ce 'yar fankar irin ta dā ce, ba a sayar da ita a kanti, sai ta bi wuraren masu tsofaffin kaya, kuma ba ta san ranar samu ba. Kafin nan babbar fanka ba za ta bar kallon akwatin ba, kuma batir ba zai ɗauki ta biyu ba.

Auta ta ce to shi ke nan, Baba ya ƙara haƙuri a gida har a samo, don zafin shagon nan da rana ba na mai shekarunsa ba ne. Ta faɗa da zuciya ɗaya, mai gyara ma ta goyi bayanta.

Sha-Kwana ya koma kan kujerarsa ya gyara zama, ya harɗe hannu. Ya tambaye su ko sun taɓa kwanciya ƙarƙashin mota da rana tsaka, inji yana tafasa a saman fuskarsu, kwalta tana narkewa a bayansu. Ya ce shi gidan direban da ya yi rayuwa a ciki, in ka ajiye ƙwai a kan kujera kafin ka sha kwana biyu ya dahu. Wannan ɗan ɗumin ne za a kore shi dominsa? Laifin da aka ɗora masa an wanke shi a gaban shaidu, har da shaidan banza mai tef a wuya, saboda haka ba mai ɗaga shi daga nan sai da kujerar.

Ba a ɗaga shi ba. Ya ja kujerar zuwa dokin ƙofa inda iskar titi ke ɗan leƙowa, ya yanki kwali yana fifita, yana tsara layi yana zufa. In ƙafar Auta ta manta ta nufi gindin fanka, sai ya buga sanda a ƙasa, ta janye tana dariya. Ɗalibar nan ma ta dawo da sauran aikinta, shi ya danna wa takardunta ƙusa da hannunsa.

Daga baya mai gyara ta samo 'yar fankar a cikin wata matacciyar kwamfuta, ta ɗaura, ta ce yanzu a juya babbar duk inda aka ga dama. Auta ta miƙe za ta juya. Tsohon ya ce in ta taɓa ta, gobe ma a nemi wani manajan. Fankar tana nan tana kallon Auta har yau, na'urar kuma ba ta ƙara yin shuɗi ba.

Tela yana yawo da zancen cewa tsohon yana shan wuya, girman kai ne kawai ya hana shi faɗa. To, shagon ba ɓoyayye ba ne, kuma akwai benci a gefen kujerar roba. Duk mai ganin Sha-Kwana cika baki yake yi, ya zo lokacin da rana ta take kan kwanon nan, ya zauna kusa da shi ba fanka, ba kwalin fifita. A ga wanda zai fara neman inuwa.